Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo: mu koya wa yara sunayen gaɓoɓin jikinsu

Duk wanda ya taɓa zama rumfar kasuwa da ƙaramin yaro ya san irin wannan kuka. Rana ta take, ciniki ya kankama, mai saye na tsaye da kuɗinsa a hannu, sai ga yaro ya kama bakin zane yana hawaye. A tambaye shi me ke damunsa, ya ce ciki. A sake tambaya, ya ce ciki. To daga nan sai a miƙa masa ƙosai ko a daka masa tsawa, a koma kan ciniki.

A wata kasuwar bakin iyaka da muke zuwa ɗaukar shirin gidan rediyonmu, akwai wata mai tuwo da muke cin abincin rana wajenta. Ɗanta mai kimanin shekara 5 ya yi kusan mako biyu yana kukan ciki. Ta saya masa maganin tsutsa wajen masu yawo da magani a faranti, bai daina ba. Aka ba shi jiƙo, bai daina ba. Ta rufe tukunya ranar kasuwa guda ta ƙetara da shi ɗaya ɓangaren aka yi masa allura, duk a banza. Sai da kakarsa ta zo daga ƙauye, tana yi masa wanka da yamma tana taɓa wuri-wuri tana kiran sunansa. Ta taɓa cibiya, ya girgiza kai. Ta taɓa kwiɓi, ya girgiza kai. Da ta kai ga mara sai ya ɗaga kai, ya kuma ce ya fi jin zafin idan yana fitsari. Tsohuwa ta duba wandonsa ta ga ɗigon jini. Washegari a gidan likita aka auna fitsarin aka ce tsargiya ce, aka ba shi ƙwayoyi kaɗan, cikin ƴan kwanaki yaro ya koma wasa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yaron ya daɗe da ganin jinin. Bai san yadda zai kira wurin ba, kuma akwai ranar da ya nuna wurin gaban mutane aka make masa hannu aka ce ba a yi. Uwarsa ta yi asarar ciniki da kuɗin mota da kuɗin maganin da bai dace ba, shi kuma ya sha wuyar mako biyu, duk saboda kalma biyu ko uku da ba a koya masa ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna da ƴan'uwanmu ƴan kasuwa a wannan shafi, mu tattauna wani abu da ake gani kamar wasa, wato koya wa ƙananan yara sunayen gaɓoɓin jikinsu.

Ba kowane ciwo ne ciwon ciki ba

Tambayar farko da ma'aikacin lafiya ke yi ita ce ina ke ciwo, sannan tun yaushe. Ga babba amsar ba wuya. Ga yaro kuwa, tun daga ƙirji har zuwa mara duk sunansa ciki, tun daga goshi har zuwa wuya duk sunansa kai. Alhali kuwa wurin da ciwo ya zauna shi ke fara nuna wa likita inda zai dosa.

Mu ɗauki sanƙarau, wanda yankinmu ya daɗe yana fama da shi a lokacin rani, daga hunturu zuwa saukar damina. Manyan alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya. Yaron da zai iya cewa ƙeyarsa na ciwo kuma ba ya iya sunkuyar da wuya ya ba iyayensa labarin da ya kamata ya sa a rufe rumfa nan take a nufi gidan likita, domin sanƙarau kan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Gaskiya ne allurar rigakafin da aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a shekara ta 2010 ta karya lagon nau'in da ya fi yi mana ɓarna a da, to amma annobar da wani nau'in ya haddasa a Nijar a 2015 ta nuna cewa ba a rabu da Bukar ba.

Akwai kuma ciwon nan mai cin baki da fuska da likitoci ke kira noma, wanda ba shi da wata alaƙa da aikin gona sai dai kamar suna. Yana kama yara masu shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana, kuma daga dasashi yake farawa, da kumburi da zubar jini da warin baki. Idan aka tare shi a wannan mataki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki na tsayar da shi. Idan aka bar shi, cikin ƴan kwanaki yake huda kumatu, kuma kusan 9 cikin 10 na yaran da ba su samu magani ba ba sa tashi. Akwai asibitin yara masu wannan ciwo a Sakkwato tun 1999, akwai cibiyar kula da su a Damagaram, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yara nawa ne a rumfunanmu suka san bambancin haƙori da dasashi?

Haka tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a tafki da kududdufi, inda wasu ƙananan dodon koɗi ke rainon tsutsar da ke shiga ta fata. Haka amosanin jini, wanda kan zo wa yaro da azabar ciwo a ƙashi da gaɓoɓi, da kumburin hannu da ƙafa tun yana goye. Haka ciwon kunne, wanda idan aka yi sakaci har ya fara zubar da ruwa yakan rage wa yaro ji, ya je lakwal a ce ba ya ganewa. Kowannensu da wurinsa, kuma kowane wuri da sunansa a Hausa.

Yaushe ya kamata a fara?

Amsar ita ce tun yaro bai fara magana ba, domin yaro na gane magana kafin ya iya furta ta. Uwa mai goyo da ke shafa wa jariri mai tana cewa ga hannu, ga ƙafa, ga ciki, ta riga ta fara karatun. Masana lafiyar yara sun sa nuna gaɓoɓin jiki cikin ma'aunin girman yaro: wanda ya cika shekara 2, ana sa ran idan aka ce ina hancinka ko ina kunnenka zai nuna aƙalla gaɓa biyu. Idan yaro ya wuce wannan shekaru ba ya juyowa idan an kira shi, kuma ba ya nuna komai, to bai kamata a ce miskilanci ne kawai ba, a kai shi a duba kunnensa.

A fara da manya waɗanda ido ke gani: kai, ido, hanci, baki, kunne, hannu, ciki, ƙafa. Idan ya kai shekara 3 zuwa 4 sai a shiga rarrabewa. A kai akwai goshi, ƙeya, gira, kumatu, haɓa. A baki akwai leɓe, harshe, haƙori, dasashi, sannan maƙogwaro. A gangar jiki akwai kafaɗa, hammata, ƙirji, haƙarƙari, cibiya, kwiɓi, mara, gadon baya, ƙugu. A ƙafa akwai cinya, gwiwa, ƙwauri, idon sawu, diddige, tafin ƙafa. Daga shekara 5 yaro na iya koyon dama da hagu, da kuma irin ciwon: suka yake, ko murɗa, ko zafi, ko ƙaiƙayi.

Ba a buƙatar allo ko bulala. Suna biyu ko uku a mako sun isa, a maimaita su wajen wanka, wajen sa tufafi, wajen cin abinci. Idan yaro ya faɗi ya kurje, maimakon a ce tashi ba komai, sai a ce masa gwiwarka ce ta kurje, kawo a wanke. Sunan da ya koya ranar da ya ji ciwo ba ya manta shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kasuwa ma makaranta ce

Mun sani da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi za su ce ina lokaci. Mai fita da asuba daga Maraɗi ya nufi Jibiya ta Ɗan Isa, ko daga Ƙonni zuwa Illela, ko mai kora dabbobi zuwa Maigatari ranar Alhamis, bai dawo gida sai yara sun yi barci. Mata kuwa da goyo suke zuwa kasuwa, su dawo da goyo. To ai kasuwar kanta cike take da kayan koyarwa, in dai an lura.

Ku dubi rumfar tela. Duk ranar da aka kai yaro awon kayan salla, tela na aza igiyar awo a kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu da tsawon ƙafa. Idan uba ya riƙa faɗin sunan kowane wuri da aka auna, yaro ya koma gida da riga da kuma karatu. Ita kanta rigar tana da wuya da hannu, wando yana da ƙafa.

Ku dubi teburin mahauci. Babu inda yaro zai ga abin da ke cikin ciki ƙuru-ƙuru kamar nan: ga hanta, ga huhu, ga zuciya, ga ƙoda, ga saifa, ga hanji. A nuna masa, a ce kai ma kana da irinsu, huhu a ƙirji yake shi ke jan iska, ƙoda biyu ce a baya ita ke tace fitsari. Ranar layya ma dama ce da ke zuwa kowace shekara.

Ku dubi ma'aunin da muka gada kafin zuwan mita da yadi. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, taƙi daga babban yatsa zuwa wanda aka miƙe, gaba kuwa faɗin hannu biyu ne a buɗe, wadda har gobe masu igiya da masu haƙar rijiya ke lissafi da ita. Kakanninmu da jikinsu suka yi awon kaya. Yaron da aka sa ya auna igiya da kamunsa ba zai manta inda gwiwar hannu take ba.

Sai kuma alwala, wadda yaro ke gani sau biyar a rana a bakin rumfa. Hannu, baki, hanci, fuska, hannu zuwa gwiwa, kai, kunne, ƙafa zuwa idon sawu, a jere kuma ba ta canzawa. Yara na son kwaikwayo. A ba shi ƴar buta, a riƙa faɗin sunan abin da yake wankewa.

Da wane harshe?

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma yaran da ke tashi a bakinta na jin harsuna da yawa. Wannan gefe Faransanci a lakwal, wancan gefe Ingilishi a makarantar boko, a kasuwa ga Fulatanci, ga Zabarmanci, ga Barbarci, ga Tamashek. Mun sha ganin yaro ya dawo daga aji yana rera sunayen kai da kafaɗa da gwiwa cikin harshen Nasara, iyaye na murna, amma a tambaye shi ina ƙeyarsa ya tsaya yana kallon mutane.

Ba mu ce kada yaro ya koyi harshen makaranta ba, zai yi masa amfani a gaba. Abin da muke cewa shi ne ciwo ba ya zuwa da harshen aji. Idan zazzaɓi ya rufe yaro da tsakar dare, da harshen uwarsa zai yi kuka, kuma wadda za ta saurare shi wataƙila ba ta taɓa shiga aji ba. Saboda haka a fara da harshen gida, na makaranta ya biyo baya ya tarar da gurbi. Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasarmu, domin tun 1973 aka buɗe ajin gwaji na farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Ko cikin Hausar ma akwai bambanci daga gari zuwa gari. Wani ya ce farce, wani akaifa, wani ƙumba. Wani ya ce diddige, wani dunduniya. Wani ya ce kumatu, wani kunci. Yaron ɗan kasuwa da ke ƙetare iyaka gara ya san biyu, domin ba a san gefen da ciwo zai same shi ba. Wanda kuma harshen gidansu ba Hausa ba ne, a koya masa da na gida, a ƙara masa da Hausa, tunda ita ce aka fi ji a gidajen likita na bakin iyaka.

Wuraren da wando ke rufewa

Yanzu mun zo inda magana ke nauyi a baki. Iyaye da yawa sukan koya wa yaro daga kai zuwa cibiya, su tsallake, su ci gaba daga cinya zuwa ƙafa, kamar tsakanin babu komai. Dalili kunya ce, kuma kunya abu ne mai kyau da muka gada. To amma akwai bambanci tsakanin yaro ya san ba a buɗe wuri gaban mutane da kuma yaro ya ɗauka ba a ambatonsa ko ga uwarsa.

Malamanmu ba su tsallake waɗannan wurare ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san a babin tsarki ana kiran kowace gaɓa da sunanta, ana bayanin al'aura da iyakarta, kuma ba wanda ya ce malam ya yi batsa. Hausa ma tana da kalmomi masu mutunci da kowane babba zai gane: gaba, mara, ɗuwawu, wajen fitsari, wajen bayan gida. Abin da ya kamata a guje wa shi ne sunan wasa da gida ɗaya kawai ya sani, domin idan yarinya ta je wajen malamarta ko ma'aikaciyar lafiya da irin wannan suna, ba wanda zai gane abin da take nufi.

Ba maganar ciwo kaɗai ba ce. Yaranmu a kasuwa suke yini. Ƴan mata ƙanana na shiga rumfa-rumfa da tasha-tasha da farantin talla, yara maza na ɗaukar kaya da aike, wasu ana barinsu wajen maƙwabta idan an tafi fatauci na kwana biyu ko uku. Abin da masu aikin kare yara suka tabbatar a ko'ina shi ne mafi yawan masu lalata da yara ba baƙi ba ne, mutane ne da yaron ya sani kuma iyaye suka yarda da su. Babban makamin irin wannan mutum shi ne shirun yaro. Yaron da ba shi da sunan wurin, kuma ya san duka zai sha idan ya ambata, shi ne wanda ake nema. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce.

Abin da za a koya wa yaro gajere ne, kuma ɗan shekara 3 na iya riƙe shi. Wuraren da wando ke rufewa nasa ne. Ba mai taɓawa ko kallo sai mai yi masa wanka ko tsarki, ko likita a gaban uwa ko uba. Idan wani ya taɓa, ko ya ce a taɓa nasa, ko ya ba da alewa ko kuɗi ya ce kada a faɗa, to a gudu a faɗa wa Inna ko Baba, kuma ba za a yi duka ba. Wannan alkawari na ƙarshe shi ne ginshiƙin, kuma dole iyaye su cika shi. A gaya wa yara maza kamar yadda za a gaya wa mata, domin su ma abin na samunsu.

Inda uwa ke jin nauyi, musamman ga ɗan fari da al'ada ta hana ta sakewa da shi, to ga kaka. Wasan da ke tsakanin kaka da jika ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya ba, cikin raha kuma ba tare da an tsorata yaro ba. Gwaggo da inna ma na iya ɗaukar wannan nauyi. Abin da ba shi da kyau shi ne kowa ya bar wa wani, a ƙarshe ba wanda ya faɗa.

Idan yaro ya faɗa

Koya wa yaro suna ba shi da amfani idan ranar da ya yi magana ba a saurare shi ba. Idan ciwo ne, a tambaye shi a hankali ya nuna da yatsa ɗaya, a riƙe abin da ya ce da lokacin da ya fara, a faɗa wa ma'aikacin lafiya yadda yaron ya faɗa. A bar yaron ma ya amsa da bakinsa idan an tambaye shi. Kada sanin wurin ciwo ya zama hujjar sayen ƙwaya a faranti, domin ciwon mara kaɗai na iya zama abu uku ko huɗu, kuma awo ne ke rarrabe su.

Idan kuwa ya ce wani ya taɓa shi, abu na farko shi ne a danne fushi a gabansa, kada a yi masa ihu, kada a ce ƙarya yake. A gaya masa ya yi daidai da ya faɗa kuma ba laifinsa ba ne. A raba shi da wanda ya ambata. A kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba, domin maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar sida bayan irin wannan abu cikin awa 72 ake fara shi, wato kwana uku, kuma gara a fara da wuri. Sannan a sanar da ƴan sanda ko jandarmomi. Mun san yadda ake taruwa a ce a rufa asiri a sasanta a gida. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe ɗan wata rumfar zai taɓa.

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, kowanenmu ya san sunan kowane kaya da ke rumfarsa, ya san mai kyau da na jabu, kuma ba ya barin yaron shago ya fara ciniki sai ya koya masa sunayen kaya. To yaran da muka haifa ma a koya masu sunan abin da Allah ya ba su amana. Yau da daddare idan an koma gida, a kira ƙaramin cikinsu a tambaye shi ina ƙeyarsa, ina dasashinsa, ina mararsa. Abin da ya sani a yaba masa, wanda bai sani ba a nuna masa, gobe a sake tambaya.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma ba da sa'ar kasuwa.